Dion Boucicault: Ta Ina Kuɗin Suka Shigo, Ta Ina Suka Zurare?

"Malam, barka da aiki. Ni marubucin wasan daɓe ne, kuma nakan hau dandamali da kaina. A wajen wani taron bita na ji an ambaci wani mutumin Ailan mai suna Dion Boucicault, wai shi ya fara tilasta wa masu gidajen wasa su riƙa ba marubuci kaso maimakon su saye wasa ɗungurungum. Aka kuma ce ya tara dukiya ba sau ɗaya ba, amma ya mutu yana aikin albashi. To shi ɗan wasa ne, ko marubuci, ko furodusa? Ta wace hanya kuɗin suka shigo, kuma me ya cinye su?"

Ɗan'uwa, tambayar taka kashi uku ce, amma amsarta a dunƙule take. Mutumin ya haɗa sana'o'in uku, kuma haɗa su ɗin ne ya ba shi bakin yin ciniki da masu gidajen wasa. Da marubuci ne kawai, da ya mutu kamar sauran marubutan zamaninsa, ana sayen aikinsa da abin da bai taka kara ya karya ba. Kuɗinsa sun shigo a lokutan da ya riƙe wasa da rawar da zai taka da dabarun dandamali, ya bar wa wani nauyin gini. Sun zurare kusan duk lokacin da ya ɗauki ginin a kansa. Sauran bayanin duk a kan wannan zai hau.

An haife shi a Dublin a watan Disamba na 1820, wasu na cewa 1822. Mahaifiyarsa Anne Darley ce, mijinta kuma Samuel Boursiquot, ɗan kasuwar giya mai asali da Faransa. Masu tarihi da yawa na ganin ainihin mahaifinsa shi ne Dionysius Lardner, malamin kimiyya da ya zauna a gidan, wanda aka sa wa yaron sunansa kuma shi ya biya kuɗin karatunsa. Ya fara hawa dandamali a 1838 a garuruwan Ingila da sunan aro, Lee Moreton. A watan Maris na 1841 aka nuna wasansa na barkwanci, London Assurance, a gidan Covent Garden na Landan, ƙarƙashin Madam Vestris da Charles Mathews. Wasan ya karɓu ƙwarai, aka biya shi fam 300, shi ke nan an gama da shi.

Kasuwar da ya tarar

A ƙarni na 18 akwai al'adar ba marubuci ribar dare na uku da na shida da na tara. Kafin Boucicault ya taso wannan ta gushe, sai manaja ya saye wasa da farashi guda, duk abin da aka samu bayan nan nasa ne. Shi da kansa ya ba da labari daga baya cewa manyan marubuta na karɓar fam 500 a lokacin da ya fara, amma shekara uku bayan London Assurance ya kai sabon wasa aka taya fam 100. Da ya yi ƙorafi, manajan ya ce masa ai zai iya zuwa Paris ya zaɓi wasan da ya riga ya ga mutane sun so, a fassara masa da fam 25, don me zai zuba ɗaruruwa a kan abin da ba a gwada ba? Boucicault ya ce hujjar ba ta da amsa. Ya sayar da aikin wata shida a fam 100, ya karɓi kwangilar fassara wasannin Faransa uku a kan fam 50 kowanne.

Nan ne mutane ke yi masa gurguwar fahimta. Ana yawan cewa ɓarawon labari ne, kuma gaskiya ne cewa daga cikin wasanninsa kusan 150 mafi yawa daga Faransanci ko daga littattafan wasu ya ɗauko su. Sai dai kasuwar ce ta sa fassara ta fi ƙirƙira riba, tunda babu dokar da ta kare marubucin Faransa yadda ya kamata a Ingila. Zaman da ya yi a Paris tsakanin 1844 da 1848 ya koya masa yadda Faransawa ke gina wasa, kowace fitowa ta ƙare da abin da zai hana ɗan kallo tashi. Ya kuma ga cewa a can marubuci na cin kaso daga kuɗin ƙofa tun da daɗewa. A 1848 kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye, karo na farko ke nan.

Daga 1850 ya zama marubucin gida na ɗan wasa kuma manaja Charles Kean a gidan Princess's na Landan. A nan ya fito da The Corsican Brothers a 1852, kuma a nan aka fara ganin gwanintarsa ta biyu. Wasan na buƙatar fatalwa ta fito daga ƙasa tana tafiya a hankali. Abin da aka yi shi ne, aka yanka doguwar tsaga a faɗin dandamali, a ƙarƙashinta aka kafa layin dogo mai hawa sannu a hankali, ɗan wasan ya tsaya a kan ɗan ƙaramin keke da ke bin layin. Aka rufe tsagar da siraran katako da aka manna a jikin yadi mai kauri, suna naɗewa ta gefe ɗaya suna warwaruwa ta ɗayan, ramin da mutumin ke fitowa ta ciki yana tafiya tare da shi. Ganga ɗaya mai naɗe igiya ke jan keken da murfin tare. In aka raba su, ɗaya ya riga ɗaya ko da taƙi guda, katakon zai matse ɗan wasan ko kuma rami ya buɗe a gaban jama'a. Gidajen wasa da yawa a Ingila sun yanka dandamalinsu don su iya nuna wannan wasa.

A 1853 ya tsere Amurka da Agnes Robertson, 'yar wasan da ke ƙarƙashin kulawar Kean. Shekarun farko ita ce tauraruwa, shi yana rubuta mata wasanni yana kula da ciniki. Ya gwada riƙe gidan wasa a New Orleans a 1855, bai yi ko shekara ba ya rufe. Ya sake gwadawa a Washington a 1858, nan ma bai daɗe ba.

Dabarar kaso

A wancan zamani akwai mutum ɗaya da ba a sayensa da farashi guda, shi ne tauraro mai ziyara. In babban ɗan wasa ya zo gari, manaja kan cire kuɗin tafiyar da gida na daren, a raba abin da ya rage da shi. Kowa ya yarda da haka domin sunan tauraron ne ke cika kujeru. Boucicault ya shiga ta wannan ƙofa. A watan Maris na 1860 ya nuna The Colleen Bawn a gidan Laura Keene a New York, wasan da ya gina a kan littafin Gerald Griffin na 1829, wanda shi ma ya samo asali daga kisan wata yarinya a kogin Shannon a 1819. Agnes ta fito a Eily, shi ya fito a Myles na Coppaleen. Da ya kawo wasan Landan wajen Benjamin Webster na gidan Adelphi a watan Satumba na shekarar, bai zo a matsayin marubuci mai tallar takarda ba. Ya zo da wasan da aka riga aka gwada, da taurarin biyu da suka san shi, da tsarin dandamalin da zai ja jama'a, ya ce ga su a ƙunshi ɗaya, a raba riba.

Webster ya yarda, ga alama yana ganin ya tsira daga biyan kuɗi a gaba. Wasan ya yi fiye da dare 200 a jere, abin da ba a saba gani ba a Landan. Sarauniya Victoria ta je kallonsa sau uku. Abin da aka fi ambata shi ne Boucicault ya kwashi kusan fam 10,000 a zagayen farko. Ka auna da fam 300 na London Assurance.

Tunda kai ma kana cikin sana'ar, bari mu buga lissafi da alƙaluman misali. A ce gida na tara fam 250 a dare, an yi yarjejeniya cewa kuɗin tafiyar da gida fam 100 ne, ragowar a raba biyu. Marubuci na da fam 75 a dare, fam 450 a mako mai dare shida, wato mako guda ya wuce farashin sayar da wasan gaba ɗaya. To a ce kasuwa ta faɗi, ana tara fam 110. Rabonsa ya koma fam 5. Da kashi 10 cikin 100 na dukan kuɗin ƙofa ya nema, da ya sami fam 25 a daren cika, fam 11 a daren kasawa. Rabon riba na wanda ya tabbatar da wasansa ne kuma yake da abin ci in an yi faɗuwa. Kaso daga kuɗin ƙofa ya fi ƙanƙanta amma ya fi wuyar cuta, kuma shi ne ya zama ruwan dare a Ingila zuwa ƙarshen ƙarnin.

Inda irin wannan yarjejeniya ke lalacewa sananne ne ga duk wanda ya taɓa shirya wasa. Na farko kalmar "kuɗin tafiyar da gida". In ba a rubuta adadinta ba, manaja zai cusa albashinsa da gyaran rufi da bashin wasan da ya faɗi a bara, riba ta ɓace a takarda alhali kujeru a cike suke. Sai tikitin alfarma, wanda in ba a ƙayyade yawansa ba mai gida zai riƙa biyan basussukansa da kujerunka. Sai wa ke ƙirga kuɗi. Dole mai kaso ya sami mutuminsa da zai gwada guntayen tikiti da takardar lissafin daren kafin a rufe akwati, domin lissafin da aka kwana ba a yi ba sai yadda mai akwatin ya faɗa. Akwai kuma batun wa ke da ikon sauke wasa. Mai gida na iya ganin wani wasan da ba ya raba riba da kowa ya fi masa, ko da kuɗin ƙofarsa bai kai ba. Kawancen Boucicault da Webster bai wuce 1862 ba, ya ƙare a gaban alƙali.

Ba shi ya ƙirƙiro kaso ba, Faransawa sun riga shi. Abin da ya yi shi ne ya nuna wa marubutan Ingilishi cewa ana iya nema a samu, daga baya kuma ya nemi irin sharaɗin har a wasannin da bai fito a ciki ba.

Wasa ɗaya, ƙungiya da yawa

Hanya ta biyu ta fi ta farko sauya sana'ar. Kafin 1860 kowane babban gari na da ƙungiyar 'yan wasa ta dindindin a gidan wasansa. Kowa da layinsa, wannan tsoho, wannan mugu, wannan mai ban dariya, ana sauya wasa kusan kullum. Tauraro kan zo shi kaɗai, a yi gwaji ɗaya da safe, a hau da dare, da tsofaffin zanen bango da ke ajiye a gidan. Wasan Boucicault ba zai yiwu a haka ba, domin rabin armashinsa na cikin kayan aiki da daidaita lokaci. Tun The Colleen Bawn na kan ganiyarsa a Landan ya fara tura 'yan wasan da ya horar zuwa sauran garuruwa su nuna shi yadda ya tsara, yana cin kaso a kowane gari. Jirgin ƙasa ya riga ya haɗa garuruwan, ana iya rufe wasa ranar Asabar a wani gari, a yi tafiya Lahadi, a buɗe Litinin a wani.

Ya kuma iya sayar da abu ɗaya sau da yawa. The Poor of New York, da ya ɗauko daga wani wasan Faransa ya nuna a gidan Wallack's na New York a Disamba 1857 ana tsakiyar karyewar bankuna, ya dawo da shi a 1864 da sunan The Poor of Liverpool. Daga nan ya zama na Leeds, na Manchester, sai The Streets of London. Labarin bai canja ba, sunayen tituna da zanen bango kawai ake sauyawa, mutanen gari su ga unguwarsu a dandamali su yi ta tafi. Shi kansa bai ɗauki wasan da daraja ba. Ya ce yana zubo irinsu kamar yadda kaza ke zuba ƙwai, sana'a ce ta ƙasƙanci, amma an fi samun kuɗi a takin kashin tsuntsu fiye da waƙa.

Tsarin ya yi ɓarna, kuma ya kamata a faɗa. Cikin shekara ashirin zuwa talatin ƙungiyoyin dindindin sun kusa ƙarewa a Birtaniya da Amurka. Ɗan wasan da a da yake taka rawa da dama a shekara, yana koyon sana'a ta haka, ya koma maimaita rawa ɗaya wata da watanni. Manajojin garuruwa suka zama masu ba da hayar gini.

Abin da ke cika kujerun

Kowane babban wasansa na da fitowa guda ta tashin hankali da aka gina sauran a kewayenta. A The Colleen Bawn kogon ruwa ne. An shimfiɗa yadi shuɗi shara-shara layi bayan layi a faɗin dandamali, yara a gefe suna girgiza shi, haske na ratsawa, sai ya zama kamar ruwa mai motsi. Aka jefa Eily, Myles ya yi tsalle daga kan dutse ya bi ta da ka, ya ɓace ta ƙofar ƙasa, sa'an nan kansa ya riƙa ɓullowa nan da can ta wasu ƙananan ƙofofi kafin ya fito da ita. Babu ɗigon ruwa a wajen. A Arrah-na-Pogue, da ya fara nunawa a Dublin a 1864, jarumin wasan, Shaun, na hawa bangon hasumiya, ita kuma hasumiyar ana sauke ta ƙasa ta tsagar dandamali daidai da saurin hawansa, ɗan kallo ya ga kamar ya yi nisa sama alhali bai bar inda yake ba. A The Shaughraun bangon kurkuku ne ke juyawa, ka ga fursuna daga ciki, sai ga shi daga waje yana saukowa ta taga.

Gobarar The Poor of New York ta fi kowanne nuna yadda ake aikin. Gidan da zai ƙone an zana shi a kan ɓangare uku. Na sama rufi ne, a rataye da igiya. Na tsakiya rabin bango ne, an haɗa shi da na ƙasa a layi mai karkace-karkace, don in ya faɗi ya bar baki irin na rusasshen gini. Firam ɗin tagogi na ƙarfe ne, an naɗe su da zaren tsohuwar igiya da aka jiƙa da sifirit, kuma ba a jikin zanen suke ba, an kafa su ɗan nesa a bayansa. Wuta na taɓa zaren sai ta zagaye tagar nan take ta mutu, ta bar baƙin ƙarfe kamar katakon da ya ƙone. Jan haske daga wani sinadari yake da ake ƙonawa a kasko. Harshen wutar kuma garin wani tsiro ne mai suna likofodiyam, wanda ba ya kamawa in yana tare wuri ɗaya, sai an hura shi cikin iska ya tashi fau ya mutu. Tururi ne hayaƙi. A can baya akwai dogon yadi da aka zana wuta a jikinsa, an ɗinke bakinsa biyu, ana juya shi sama ba tsayawa. Sai a saki rufi, a saki bango, ɗaya bayan ɗaya bisa alama. Duk hikimar ita ce abin da ke ci da wuta kada ya taɓa abin da aka zana, abin da aka zana kuma kada ya kusanci wuta.

Haɗarin na gaske ne, gidajen cike suke da fitilun gas da busasshen yadi mai fenti. A Disamba 1876 gidan wasan Brooklyn ya ƙone, mutum kusan 300 suka mutu. Ba wasansa ake yi ba, amma bayan nan ya tara mutane a Wallack's ya nuna musu yadin da aka jiƙa da ruwan sinadarin tungstet na soda, aka shafe da silikat na soda, ya sa masa wutar gas, yadin ya yi baƙi ya ƙi kamawa.

Kada dai a ɗauka injuna ne kaɗai. Mutumin ɗan wasa ne na gaske a layi guda, na talakan ƙauyen Ailan mai wayo da ban dariya. Kafin shi, ɗan Ailan a dandamalin Ingila mashayi ne wawa da ake yi wa dariya. Myles da Shaun da Conn na The Shaughraun suna sha, suna ƙarya, suna farauta a gonar da ba tasu ba, amma su ne masu hankalin wasan, su ke kwance ƙullin da masu mulki suka kasa. Waɗanda suka kafa gidan Abbey, gidan wasan ƙasa na Ailan a Dublin, daga baya sun ƙyamaci salon, suna ganin har yanzu wasa da mutuncin ƙasa ne. Duk da haka Sean O'Casey, marubucin wasa na gidan Abbey ɗin, ya fito a The Shaughraun yana saurayi, kuma ana ganin hannun Boucicault a yadda yake cakuɗa dariya da kuka.

Doka ta ba shi, doka ta hana shi

Kaso ba shi da amfani in kowa na iya nuna wasanka ba izini. A Birtaniya dokar 1833 ta riga ta ba marubuci ikon hana nuna wasansa, da tarar akalla sule 40 a kowane nuni. A Amurka babu irinta sai 1856, kuma Boucicault na cikin waɗanda suka matsa aka yi ta, tare da marubutan wasa Robert Montgomery Bird da George Henry Boker. Ta sa diyyar akalla dala 100 a nunin farko na sata, dala 50 a kowane na bayansa. Da ya yi rigimar kuɗi da manajan gidan Winter Garden na New York a Disamba 1859, ya fice shi da Agnes kwana kaɗan bayan buɗe The Octoroon, wasansa a kan bauta a Louisiana, gidan ya ci gaba da nunawa ba su. Shari'ar da ta biyo baya a kan wasan ta tabbatar cewa marubuci bai rasa mallakarsa don kawai ya rubuta yana ma'aikacin gidan ba.

A Ingila kuwa ya sha kaye mai ciwo. A 1863 kotu ta yanke cewa tunda a New York aka fara nuna The Colleen Bawn, kuma babu yarjejeniyar haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashen biyu, ba shi da kariya a Birtaniya. Aka sake yi masa haka a 1876 a kan The Shaughraun. Wannan ne ya sa marubuta suka koma shirya nuni na jeka-na-yi-ka a Birtaniya kafin su buɗe a waje, a hayi ɗaki da rana, a manna sanarwa, a karanta wasan a gaban 'yan tsiraru da suka sayi tikiti, don dai a ce a nan aka fara. Shi ma an kama shi da hannu dumu-dumu. A 1868 marubucin wasa ɗan Amurka Augustin Daly ya kai ƙara a New York cewa fitowar jirgin ƙasa ta After Dark, inda ake ceto mutum daga kan layin dogo, daga wasansa na 1867 aka kwafe ta, kuma kotu ta ba Daly gaskiya.

Inda suka zurare

Da kuɗin The Colleen Bawn a hannu, a ƙarshen 1862 ya karɓi tsohon gidan wasan dawakai na Astley's, ya kashe maƙudan kuɗi ya gyara, ya sa masa suna Theatre Royal Westminster. Sunan bai sauya gaskiyar cewa ginin na hayin kogin Thames ba, a Lambeth, unguwar da masu sayen kujeru masu tsada ba sa zuwa da dare. A 1863 ya sake karyewa. Dalilin a fili yake. Mai kaso in wasa ya faɗi ya rasa riba ne kawai. Mai gini kuwa haya da albashi da kuɗin gas suna bin sa ko an cika ko ba a cika ba, kuma dole ya samo wasa mai ci bayan wani ba hutu, abin da ko shi bai iya ba. Abin lura, da ya koma tsarinsa na da a 1864, cikin shekara biyu ya farfaɗo.

A 1872 ya shirya Babil and Bijou a Covent Garden da kuɗin Lord Londesborough. Jama'a sun yi ta zuwa wata da watanni, amma aka tashi da asarar dubban fam, domin abin da ake kashewa ya fi ƙarfin abin da gidan ke iya tarawa. Wannan kuskure ne da ake gani a takarda tun kafin a ɗaga labule, in an ninka yawan kujeru da farashinsu aka gwada da kuɗin da za a kashe. Boucicault ya bar ƙurar ya koma Amurka, ya zama ɗan ƙasa a 1873. A Nuwamba 1874 ya buɗe The Shaughraun a Wallack's, yana da shekara hamsin da 'yan kai yana fitowa a saurayi. An ce ya samu dala rabin miliyan daga wasan. Irin waɗannan alƙaluma a riƙa karɓarsu da taka-tsantsan, da yawansu daga bakinsa suka fito, shi kuwa gwanin tallar kansa ne.

Sauran kuɗin hannunsa ne ya cinye. Yana kashewa kamar ba gobe, gidaje, liyafa, jirgin ruwan shaƙatawa, kyauta. Sai kuma abin da ya taɓa sunansa, wanda shi ne jarin tauraro. A 1885 yana rangadi a Ostareliya ya auri Louise Thorndyke, matashiyar 'yar wasa a ƙungiyarsa, ya ce ai shi da Agnes ba su taɓa yin aure bisa doka ba, bayan sun haifi 'ya'ya shida. Maganar ta mayar da 'ya'yan nasa shegu a idon doka, jama'a ba su yafe masa ba, kotun Ingila kuma ta ba Agnes saki. A lokacin ɗanɗanon masu kallo ma ya fara juyawa daga irin wasanninsa, shekaru kuma sun hana shi tsallen da ake biya a gani.

Abin da ka ji game da albashi gaskiya ne. Shekarunsa na ƙarshe ya yi su yana koyar da wasa a makarantar da manaja A. M. Palmer ya buɗe a gidan Madison Square na New York, a kan dala 50 a mako. Ya mutu a New York ranar 18 ga Satumba 1890. Ɗansa Dion ƙarami ya zama babban mai shirya wasa a Ostareliya da Landan, 'yarsa Nina kuma ita ce ta fara taka rawar Peter Pan, jarumin wasan yara mai wannan suna, a 1904.

Game da naka aikin, tsarinsa ba ya hawa kowane wuri. Ya yi aiki ne domin akwai ƙofa ɗaya da ake sayar da tikiti, ana nuni dare shida a mako, akwai kuma kotun da za ta saurari ƙara. Inda wasa na dare ɗaya ne, ko wata hukuma ce ta ɗauki nauyi aka shiga kyauta, babu ribar da za a raba, gara ka yanke farashinka a biya ka rabi kafin gwaji, rabi kafin a ɗaga labule. Inda ake sayar da tikiti, nemi ƙaramin kuɗi a gaba haɗe da kaso daga dukan kuɗin ƙofa, ka rubuta cewa izinin nuni ka bayar na adadin dare kaza a gari kaza, mallakar rubutun na nan a hannunka. Ka raba ladan rubutu da ladan fitowa a takarda, ko da mutum ɗaya ne zai karɓa, domin ran da aka sa wani a gurbinka na farkon ya ci gaba da zuwa. A ƙara layi guda a kan ɗaukar bidiyo, wa ke da izini, a ina za a saka, kuma nawa ne rabonka.